Abba, kan zanen nan naka

Assalamu alaikum Abba, ya karatu, ya sanyin Zariya. Mamanka ta nuna min hotunan da ka turo mata a WhatsApp, na daɗe ina kallon na ɗakin Auta, gado a gyare ba kowa, silifas ɗinta ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, har yagewar labulen nan ba ka manta ba. Wallahi sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Kawunka sai faɗa yake wai wata huɗu da rasuwar Auta yaro ya koma wasa da fenti maimakon ya riƙe carbi. Ni dai ban ga wasa ba. Kakanka mai zayyana ne, shi ke ƙawata allon sauka a unguwarmu, kuma duk ran da abu ya tsaya masa a rai sai ya shige zaure da tawada da alƙalami yana jan layi yana salati ƙasa-ƙasa har la'asar, ba mai ce masa uffan, in ya fito ka ga fuskarsa ta saki. Zancen zana mai rai kuma ka samu malami ka tambaya, kar ka biye wa gardamar Facebook.

Amma ka saurare ni nan. Kai da bakinka ka ba ni labarin Baturen Norwe ɗin nan mai zane, Edvard Munch, tarin fuka ya ɗauke uwarsa a 1868 yana ɗan shekara biyar, yayarsa Sophie ta bi ta a 1877, ya yi ta zana yarinyar kan gadon jinya har sau shida cikin wajen shekara arba'in. To shi ɗin ma a 1908 sai da ya kwanta asibiti a Kofanhagan, babban birnin Denmark, wata da watanni, ga giya ga firgici. Burushi bai hana ba.

Abokin ɗakinka ya ce kana kwana zaune kana zane, asuba na wuce ka, abinci sai an matsa maka, waya ma ka daina ɗauka. Wannan ne ya hana ni barci. Ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita komai, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne, ni ma da jinina ya hau ai ban tsaya kan tofi kaɗai ba. Ka yi zanenka da rana, ka yi mata addu'a a sujada, dare ka kwanta.

Juma'a ka taho gida, na tura maka kuɗin mota, ka zo da zanen ɗakin. Ɗaya silifas ɗin da ba ka gani ba yana wurina, ni na ɗauke.

Babanka