Malam Edita, sai mai ya malala ne kuke tunawa da teku?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ɗan ƙorafi ne ke tafe da ni, a yi haƙuri in na tsawaita.

Na lura ku 'yan jarida ba kwa waiwayar teku sai in rijiyar mai ta yi bindiga ko jirgi ya fashe, irin na rijiyar man Deepwater Horizon da ke gaɓar Amurka a 2010 da ya ci ran ma'aikata 11 ɗanyen mai ya yi ta bulbula kwana 87, ko jirgin Wakashio da ya maƙale a gaɓar Mauritius a 2020. A lokacin kowa sai yaɗa hoton tsuntsu ya yi baƙi ƙirin da mai, kwana kaɗan an shiga wani labarin shi ke nan.

To amma fa abin da ke kashe halittun ruwa dare da rana ba shi da ƙara ba shi da hayaƙi. Roba ce da leda. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kusan tan miliyan 11 na roba ke gangarawa teku duk shekara, kuma ita ba ruɓewa take ba, rana da igiyar ruwa ne ke ta farfasa ta har ta koma mitsi-mitsi ƙananan kifaye su haɗiye manya su haɗiye ƙananan, a haka take ta zagayawa.

A 2019 wani ƙaton kifin whale ya mutu a gaɓar Filifin, da aka farke cikinsa kilo 40 na leda aka zaƙulo har da buhunan shinkafa 16. Ciki dam amma yunwa da ƙishi ne suka kar shi, don su irin waɗannan daga abincinsu suke samun ruwan jikinsu, ledar ta toshe ko'ina. Kunkurun teku ma haka, akwai wata halitta mai laushi fara-fara da ke lilo cikin ruwa wadda yake ci, in ya hango leda tana shawagi bai iya bambancewa sai ya kai bakinsa.

Inda nake so ku duba da kyau shi ne nan. Duk sanda aka zo wannan magana sai a ƙare da nasiha, kar ka yar da leda kar ka yar da gorar ruwa, ba laifi gaskiya ne a daina. Amma wannan tarin sharar da ke yawo a tekun Pasifik tsakanin Hawaii da California, wanda binciken 2018 ya ce faɗinsa ya kai Faransa sau uku, kusan rabin nauyinsa komar kamun kifi ce da aka yasar ko ta tsinke. Koma kuwa ko ba mai ita ba ta daina aiki, shekara da shekaru tana shaƙe kunkuru da kifi da tsuntsu, wanda ya zo cin mushen shi ma ya sarƙafe. Wannan wane talaka ne ya zubar? Sannan duk robar da ake ƙerawa a duniya ko kashi 10 cikin 100 ba a sake sarrafawa, kamfanoni kuma kullum ƙara yawanta suke. Ana ta kwashe ruwa da cokali famfo na buɗe.

A Maris 2022 a Nairobi ƙasashe 175 suka amince za a rubuta yarjejeniyar duniya kan gurɓatar roba, aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka koma Geneva a Agustan 2025 nan ma haka. Babban abin da ya raba su shi ne ko za a sa iyaka ga yawan robar da ake ƙerawa, ƙasashe masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha suka ce sam, a tsaya kan kwashe shara kawai, da yake daga man ake yin robar.

Wannan ne nake roƙon ku bibiya. Ku samo masani ku zaunar da shi ya warware mana da Hausa wa ya hana ruwa gudu a tarukan nan kuma yaushe za a sake zama, ko minti goma ne a ware.

Na gode, a huta lafiya.
Naku, mai sauraro a kullum.