Loyan da kuka kawo ranar Laraba bai yi mana adalci ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake da maganar loyan nan da kuka kawo a shirinku na ranar Laraba. Wai duk ejan, wato mai sayar wa kamfani kaya a kan kamasho, da ya kama aiki ba takarda shi ya jawo wa kansa. Haba! Mu ne za mu rubuta wa kanmu takardar? Dokar ƙwadago ta Gana, Act 651 ta 2003, ta ce duk aikin da ya kai wata 6 dole a yi shi da kwantiragi a rubuce, to wa ke da ofis da hatimi, ni ko kamfani? Mai gabatarwa ma bai tambaye shi ba, sai "haka ne, haka ne" yake ta yi.

Shekara 2 da wata 4 na yi ina tallan fitilar sola ta biya-kaɗan-kaɗan a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, Kejetia, har Suame Magazine, unguwar makanikai, cikin baƙin mai da ƙarar guduma, kuɗin trotro, wato motar haya, daga aljihuna, kati daga aljihuna, wanda ya ƙi biya ni zan bi shi gida matarsa ta zage ni tas. Kamashona na wata 3, sidi 4,200, kamfanin ya riƙe. Kullum manaja ya ce Akara ba ta turo ba tukun. Da na matsa, wata safiya na duba waya na ga an cire ni daga gurup ɗin WhatsApp, shi ke nan sallamar. Ko notis na sati 2 da doka ta ce babu.

Na kai ƙara Leba Komishin, hukumar sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, sau biyu ana kira kamfanin bai turo kowa ba, na uku suka aiko wani yaro da kwat ya ce ni ba ma'aikacinsu ba ne, ejan ne mai zaman kansa. Mai zaman kansa kuma suka sa masa riga mai sunan kamfanin, mitin ƙarfe 7 duk Litinin, wanda ya makara a yanke masa? Rigar tana nan, na wanke na goge, ranar zama da ita zan je. Littafin rasit ma yana wajena.

Ku sake shirin, ku kawo ejan ɗaya ya zauna gaban loyan.

Sannan don Allah layin wayarku fa? Sau 11 na kira daren nan bai shiga ba, amma tallan maganin basir kun sa shi har sau huɗu.

Naku,
Mai sauraro daga Aboabo, Kumasi