Dalilin da ya sa ba ma gaggawar haɗa kulocin giyar otomatik

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Da yawanku kan tambaye mu me ya sa mota ke ƙara kwana a hannunmu alhali kayan gyara sun iso. Haɗa kuloci ne ke cin lokacin, kuma haƙƙinku ne ku san abin da muke yi.

Kulocin giyar otomatik tarin faifai ne a cikin ganga, na ƙarfe ɗaya, mai shafi (wato shimfiɗar da ke kama ƙarfen) ɗaya, bi da bi. Man giya ke tura fistan ya matse su, sifirin ya mayar da shi idan ƙarfin man ya sauka. Sabbin faifai masu shafi a bushe suke zuwa, don haka mukan jiƙa su minti 30 a cikin irin man giyar da motar ke amfani da shi. In aka saka su a bushe, kamun farko shafin zai ƙone. Faifan ƙarfe da ya yi tabo shuɗi ko ya karkace kuwa ba ma mayar da shi, ko da mai mota ya roƙa, domin shi zai cinye sababbin.

Robar fistan tana da leɓe, kuma dole leɓen ya fuskanci inda mai ke shigowa. Da man giya ko Vaseline muke shafa ta. Giris ba ya narkewa a cikin man, sai ya toshe ƙananan hanyoyinsa. A wasu giyoyin akwai 'yar ƙwallo a jikin fistan. Mukan girgiza mu ji tana kaɗawa, don in ta maƙale, ko mai ya zurare ko kuloci ya ƙi saki.

Inda muka fi daɗewa shi ne awon rata. Bayan faifai mai kauri na ƙarshe ya hau, zoben kulle ya zauna daram a raminsa, sai mu auna ratar da ta rage. Ƙiyasin makanikai shi ne kusan milimita 0.25 ga kowane faifai mai shafi, amma adadin da kamfanin motar ya rubuta shi muke bi. Rata ta yi kaɗan, faifai su riƙa gogar juna ko ba a kama giya ba, mai ya yi baƙi yana ƙauri. Ta yi yawa, giya ta yi jinkirin shiga, injin ya yi ihu kafin ta kama da bugu. Gyaransa sauya zobe ko faifan ƙarshe da mai wani kauri, a sake aunawa, wani lokaci har sau uku.

Kafin mu rufe, mukan hura iskar kwamfuresa ta ramin mai. Fistan lafiyayye zai motsa da ƙara guda, ya koma da kansa. In muka ji iska na tsiyaya, roba ta yage, sai a kwance daga farko. Bututun sanyaya mai ma sai an wanke, don garin tsohon shafi yana ɓuya a ciki.

Idan kun karɓi mota kuka ga tana jinkirin shiga D ko R, don Allah kada ku ci gaba da hawa, ku dawo mana da ita a ranar.

Naku,
Ma'aikatan garejinmu