A ba ƙwallon gorar ƙanƙara ko da minti biyar ne a filin wasanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan gidanku, ina da roƙo ɗaya game da shirinku na wasanni, wanda ba ya wuce ni tun ina ɗalibi a ƙasar Rasha. Kullum Firimiya ce da Laliga, sai dambe jefi-jefi. Ni kuwa akwai wani yaro da na ga wasansa da idona, nake son masu sauraro su san labarinsa.

Sunansa Matvei Michkov, haifaffen birnin Perm, a watan Disambar 2004. Wani abokin karatuna ɗan Rasha ne ya ja ni kallon wasan matasa na ƙungiyar SKA-1946 a St. Petersburg, cikin hunturun 2021. Na je ne don kada in ba shi kunya, hannuwana cikin aljihu, sanyi na ratsa takalmina daga ƙasan benci. Wasan ƙwallon gora ne, amma a kan ƙanƙara, mutum shida-shida har da mai tsaron gida, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Abin da suke bugawa ɗan baƙin faifan roba ne, wanda in ya daki katangar fili sai ka ji kamar an fasa kwakwa. Da farko ban ma iya bin faifan da ido ba. Abokina ya ce in daina neman faifai, in zuba wa yaron nan ido. Haka na yi. Ba shi da wani girman jiki, amma sai ka ga ya sulale bayan raga ya laɓe, masu tsaron baya sun manta da shi, kafin su waiwayo faifai ya iso gorarsa. Kamar ya riga kowa sanin inda abin zai faɗo.

Duniya ta shaida hakan a gasar 'yan ƙasa da shekara 18 da aka yi a jihar Texas ta Amurka a 2021. Yana ɗan shekara 16 ya ci ƙwallo 12 a wasa bakwai, aka zaɓe shi gwarzon gasar, duk da cewa Kanada ta doke Rasha 5 da 3 a wasan ƙarshe. A wasansu da Jamus ya ɗauke faifan a kan bakin gora daga bayan raga, ya cusa shi ta saman kafaɗar mai tsaron gida. A lokacin ana jera sunansa da na Connor Bedard na Kanada, ana ta gardamar wa ya fi.

Daga nan al'amura suka juya masa baya. Gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka fara a Kanada a Disambar 2021, cutar korona ta sa aka soke ta bayan ya ci ƙwallo uku a wasa biyu. A ƙarshen Fabrairun 2022 hukumar wasan ta duniya, IIHF, ta dakatar da Rasha saboda yaƙin Yukren. A Afrilun 2023 mahaifinsa ya rasu a Sochi, inda yaron yake wasan aro. Da aka zo zaɓen matasa na NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, a shekarar Bedard ya zo na ɗaya, Michkov sai na bakwai, ƙungiyar Philadelphia Flyers ta ɗauke shi. Ƙungiyoyi sun ji tsoron kwantiraginsa da SKA mai kaiwa 2026, ga shi masu farautar 'yan wasa ba su ƙara samun ganinsa tun dakatar da Rasha yana gwabzawa da tsararrakinsa na Kanada da Amurka ba.

Nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na raina yaƙi, ba na raina jinin da aka zubar a Yukren. Amma yaro ɗan shekara 17 bai aika soja ko'ina ba, laifin wani ne ya shafe shi. Ivan Demidov, wani ɗan Rasha da ke bin bayansa da shekara guda, ƙungiyar Montreal ta ɗauke shi na biyar a zaɓen NHL na 2024, shi ma ya ƙare ƙuruciyarsa bai taɓa buga wannan gasa ta 'yan ƙasa da shekara 20 ba. Shekarun nan ba sa dawowa.

Na san ba kowane yaro mai haske ne yake cika alkawari ba. Nail Yakupov na ɗaya aka ɗauka a zaɓen NHL na 2012, bayan shekara shida ya koma gida Rasha. Shi kuwa Michkov ya isa Amurka a 2024, kocinsa John Tortorella ya taɓa zaunar da shi a benci wasa biyu, duk da haka ya gama kakar da ƙwallo 26, fiye da kowane sabon shiga.

Don Allah, Malam Edita, a riƙa ware wa wasan nan ko minti biyar, musamman daga 26 ga Disamba da ake buɗe gasar matasa ta duniya. Akwai 'yan'uwanmu ɗalibai a Mosko da Kazan, da mazauna Kanada, waɗanda za su iya aiko muku da rahoto da Hausa. In kuna buƙatar wanda zai fara bayanin ƙa'idojin wasan, a shirye nake.

Na gode. Allah ya ƙara wa gidanku ɗaukaka.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon ɗalibin St. Petersburg, daga Kano