Wasiƙa zuwa ga ɗana, sabon lauya

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Har yanzu maƙwabta na shigowa yi wa mahaifiyarka barka da gama karatunka. Allah ya sanya albarka.

Akwai wani lauyan Amurka da nake so ka san labarinsa, Samuel Tilden, haifaffen jihar New York a 1814. A wajen kamfanonin jirgin ƙasa ya yi arziki. In bashi ya shaƙe kamfani sai a kira shi ya warware, shi kuma yana zuba kuɗinsa a hannun jari har ya tara miliyoyin daloli. Ya yi gwamnan jiharsa, a 1876 kuma shugabancin ƙasa ya kuɓuce masa da ƙuri'a ɗaya ta wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa, 185 da 184.

Amma wasiyyarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bai taɓa aure ba, kuma da ya rasu a 1886 sai aka tarar ya bar mafi yawan dukiyarsa a buɗe wa mutanen birnin New York ɗakin karatu kyauta. Dangi suka kai ƙara. A 1891 babbar kotun jihar ta rushe wannan sashe, domin ya sakar wa amintattunsa zaɓi da yawa, bai fayyace waɗanda za su amfana ba. Ka ji fa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure wa wasu takardu! Sai da sulhu aka tsira da dala miliyan 2 da ɗoriya, aka haɗa da wasu ɗakunan karatu biyu na birnin, Astor da Lenox, a 1895, babban ɗakin karatun birnin ya samu.

Kai ma za a zo maka da wasiyya. Ka san a wurinmu ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Ka zauna da mai ita, kada ka yi gaggawa. Wane fili? Iyakarsa ina? Wa zai kula, in ya mutu wa zai karɓa? A sa shaidu. In kuwa yana da ƙarfinsa, ka ba shi shawara ya yi waƙafin da hannunsa, idonsa na gani.

Ka tuna gonar da kakanka ya ce a yi makarantar allo a ciki. Da baki ya faɗa, ga ta can har yau ciyawa ce, 'yan'uwa kuma ba sa ga maciji. Abin yana ci mini rai.

In za ka zo da sallah, ka taho da takarda. Ina so mu zauna mu rubuta tawa.

Mahaifinka