Amsa ga Malamin da Ya Ce Ina Zuga Matan Aure

Malam, bayan gaisuwa da girmamawa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a, wai ko ina koya wa matan aure kashe mazajensu ne, tunda na rubuta cewa sarauniya Kilitemnestra ta tatsuniyoyin Girka, wadda ta kashe mijinta, tana da abin faɗa. Na gode da ka karanta, ko da kanun ne kawai.

Ka kira ta maciya amana. To mu koma tashar jiragen ruwa ta Aulis, inda ka tsallake. Jiragen ruwan Girkawa sun tsaya cak, iska ta ƙi tasowa, ga yaƙin Taroi yana jira. Sai mijinta, sarki Agamemnon, ya aika gida a kawo 'yarsu Ifijeniya, wai za a ɗaura mata aure da jarumi Akilis. Uwa ta kawo amarya, uba ya miƙa ta a yanka don abar bautarsu Artemis ta saki iska. Ya shekara 10 a fagen fama, ya dawo da Kasandara, 'yar sarkin Taroi, a matsayin ƙwarƙwara. Mutumin da kake yi wa kuka ke nan.

Ban wanke ta ba. Ta kashe shi, ta haɗa da Kasandara da ba ta ci ba, ba ta sha ba, ga kuma kwartonta Ejistus a fada. Duk na rubuta wannan, can ƙasa inda ba ka kai ba.

Abin da na tsaya a kai shari'a ce. A wasan kwaikwayon marubuci Eskilus da aka nuna a Atens shekara 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗanta Orestes ya kashe ta don ɗaukar fansar ubansa. A kotu abin bautarsu Apolo, mai kare Orestes, ya ce uwa ba mahaifiya ba ce, ajiyar iri kawai aka ba ta. Ƙuri'u suka zo daidai, abar bautarsu Atena, mai jagorantar shari'ar, ta sallami yaron. Jinin Ifijeniya kuwa, wa ya kai ƙara?

Batun cewa labarin masu bautar gumaka ne, ai ba sai ka yi imani da Gizo da Ƙoƙi kake sauraron tatsuniya ba.

Na daɗe ina koyar da adabi, ɗalibaina da yawa suna gidajen mazajensu lafiya lau, ka je ka tambaya. Maza nawa suka yi sharhin wannan labari ba ka ce musu uffan ba? Sai da mace ta ɗauki alƙalami ka tuna da tarbiyya, don ka san sunan mace ya fi tara maka mabiya a Facebook. In muhawara kake so, ka karanta rubutun har ƙarshe, ina nan.

Wassalam.