Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da laftof

Zuwa ga shugaban sashen kula da abokan ciniki,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin ƙorafin da na kai ofishinku bai wuce bakin kanta ba, kuma na san ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Ina da shagon buga takardu a Zariya, yawancin masu kawo mini aiki ɗalibai ne. Laftof ɗin da na saya a wajenku ya zo da manhajarku ta lura da batir, wadda kuka ce za ta riƙa faɗa wa mutum sauran lokacin da ya rage masa kafin caji ya ƙare. A wurin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan lambar nake dubawa in yanke shawara: in tada janareto, ko in ci gaba da aiki in tsimi fetur.

Manhajar takan nuna saura awa 3, ina buɗe babban fayil mai hotuna da jadawali sai ta dawo minti 50. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi mini ciwo shi ne batir na kan kashi 25 cikin 100, manhajar na cewa saura kusan awa guda, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ɗif, babu gargaɗi ko ɗaya. Haka ta faru ina tsakiyar gyara babi na huɗu na aikin wata ɗaliba, tana zaune a benci da filas ɗinta a hannu, washegari za ta kai wa malaminta. Fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Dole muka koma kan takardun da ta rubuta da biro, muka sake bugawa shafi bayan shafi, ita tana karantowa ni ina bugawa.

Ma'aikacinku ya ce mini, "Malam, ai duk kwamfuta haka take, hasashe ne kawai." Na yarda hasashe ne, amma hasashen yana da lissafi, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne. A cikin batirin akwai ɗan cif da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Shi ke gaya wa kwamfuta abin da ya rage, da abin da batirin ke iya ɗauka idan ya cika, da yawan wutar da ake ja a daidai wannan lokacin. Manhaja sai ta raba abin da ya rage da abin da ake ja. Idan saura wat-awa 30 (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) kuma kwamfuta na jan wat 10, awa 3 ke nan. Idan aiki ya yi nauyi, fanka ta tashi, ta koma jan wat 30, saura awa 1. Don haka ne ƙa'idar batir mai basira, wadda Intel da Duracell suka fitar tun shekarun 1990, ta tanadi lamba biyu: ta wannan daƙiƙar, da kuma ta matsakaicin abin da aka ja a cikin minti ɗaya. Taku manhajar tana tsalle da kowane motsi, alamar ba ta ɗaukar matsakaici ko kaɗan.

Mutuwar farat ɗaya kuwa wata magana ce daban. Na fitar da rahoton batir na Windows da umarnin powercfg /batteryreport. Ya nuna an ƙera batirin ya ɗauki wat-awa 45, amma yanzu ko ya cika bai wuce 27 ba. Batirin litiyam da ya gaji haka, da zarar an ja shi da ƙarfi sai ƙarfin wutarsa ya faɗi ƙasa da abin da kwamfuta ke buƙata, sai ta mutu alhali cif ɗin na ganin da saura. Duk wannan lokacin manhajarku na nuna mini koren tambari, tana cewa batir lafiyarsa ƙalau. Lambobin da Windows ta karanto daga cif ɗin suna nan a gabanta. Me ya hana ta nuna mini su?

Na bi shawarar da kuka ba ni, na cika batirin taf, na bar shi ya ƙare, na sake cikawa. Wannan yana taimaka wa cif ya gyara ƙirgarsa, amma ba ya dawo da ƙarfin da ya riga ya tafi. Kwamfutar ba ta cika shekara a hannuna ba. Na san zafin watan Maris da Afrilu a nan ba ya raga wa batir, shi ya sa ba na barin ta a mota ko a rana. Zargina shi ne ta daɗe a sito kafin ta iso gare ni, kuma ku kaɗai ke da takardun da za su tabbatar ko su ƙaryata.

A watan Disamban 2016 Apple ya cire lambar sauran lokaci daga alamar batir ta macOS, babbar manhajar kwamfutocinsa, bayan masu sabon MacBook Pro sun yi ta kuka da ita. Ni ba cirewa nake roƙo ba, domin da ita nake tsara aikina. Ina roƙon ku gyara manhajar ta riƙa lissafi da matsakaici, ta nuna ainihin ƙarfin da ya rage wa batir kusa da wanda aka ƙera shi da shi, ta kuma yi gargaɗi idan ya kai matsayin da zai iya mutuwa ba shiri.

Ni kuma ina neman ku canza mini batirin a ƙarƙashin garanti, ku faɗa mini ranar da aka ƙera wanda ke ciki. Rasit da rahoton batirin suna hannuna, zan kawo su duk ranar da kuka sa. Ina roƙon amsa a rubuce.

Na gode. Wassalam.

Abokin cinikinku,
mai shagon buga takardu a Zariya